Hoton Ƙirjin Zara Ya Riga Ni Isa Yerwa

Laraba: daga Bulamari zuwa bakin kwalta

Ƙarfe biyar saura kwata na asubahin Laraba na goya Zara na fita daga gida, ko ladan bai kira salla ba. Ba wanda ya san na fita sai surukata, Ya Kaltum. Ita ta riƙe mini tocila har bakin zaure tana cewa, "Falmata, ba za ki jira gari ya waye ki ji daga bakin Malama ba?" Na ce mata kafin gari ya waye motar wake ta tashi, kuma ba za a sake samun wata ba sai Asabar. Baban Zara yana Damaturu tun Lahadi kan cinikin awaki. Ban kira shi ba, don na san abin da zai ce.

'Yan uwana na ajin yaƙi da jahilci, ku kuka ce in rubuta muku yadda tafiyar ta kasance. To ga shi, amma sai na ɗan koma ranar Talata.

Zara shekararta biyu saura wata uku. Kwana huɗu tana tari da zazzaɓi, ranar Talata kuma sai na ga ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa ciki duk sanda ta ja numfashi. Da la'asar na kai ta ɗakin shan magani wajen Malama Saratu, ma'aikaciyar lafiyarmu 'yar ƙasar Biu. Kun san na'urar da aka kawo mata bara. Ba ta wuce sabulun wanki girma ba, da igiya zuwa wata waya mai faɗi kamar faranti. Ta shafa wa Zara wani mai mai sanyi a baya, ta riƙa bin tsakanin haƙarƙarinta da na'urar. Na leƙa fuskar wayar, ba abin da na gani sai baƙi da fari suna motsi kamar ruwan wankin gero.

Na ce, "Malama, me kika gani?"

Ta ce, "Na ga abin da ban so ba a gefen dama, amma ba ni ce mai karantawa ba. Zan tura wa likita a Yerwa, ita za ta duba ta aiko da amsa. Ga wannan magani ki fara ba ta yanzu. Gobe ƙarfe bakwai ki kawo mini ita, ko da ruwa ake yi."

Da na fito na waiwaya, sai na gan ta ta hau dakalin tankin ruwa, ta ɗaga wayar sama da hannu biyu tana juyawa gabas da yamma, tana neman sabis. Wannan abin da na gani shi ya karya mini gwiwa. Ni a unguwar Moduganari cikin birnin Yerwa aka haife ni, aure ne ya kawo ni Bulamari, kuma na san yadda babban asibiti yake. Na ce a raina, numfashin 'yata ne ya koma jiran sabis? Tun da amsar daga Yerwa za ta zo, me zai hana in je Yerwa in karɓo da kaina, likitar ta taɓa ta da hannunta?

Motar wake a-kori-kura ce, tana tsayawa bayan masallacin Juma'a. Mu mata huɗu muka zauna kan buhuna. Biyar da rabi muka tashi. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ba mu yi nisa ba tayar baya ta nutse a wani kwari. Maza suka sauke buhu goma, suka sara rassan ƙaya suka cusa ƙarƙashin taya. Mun fi minti arba'in a wurin. Kilomita goma sha biyu ne kawai zuwa kwalta, amma sai bakwai da minti goma muka isa.

Bakin kwalta zuwa ƙofar gari

Sojoji ba su buɗe hanya ba tukuna, motoci sun yi layi a gefe har ido ba ya ganin ƙarshensu. Na zauna a kan wani kututture na kwance goyo. Jikin Zara kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

Bakwai da minti ashirin wayata ta yi ƙara. Na duba, Malama Saratu ce. Na riƙe wayar a hannu tana rawa har ta katse. Bayan minti biyar ta sake kira. Bakwai da arba'in ta kira na uku, sannan saƙo ya shigo. 'Yan uwa, a nan zan faɗi gaskiya, don saboda wannan na yarda in rubuta. Ba rashin caji ba ne, ba kuma rashin sabis ba. Kunya ce. Me zan ce wa matar da ta karɓi haihuwar yarinyar nan da hannunta? In ce na raina na'urarki na gudu? Saƙon ma ban buɗe ba. Na kashe wayar na tura ta ƙasan jaka, na gaya wa kaina wai caji nake tattali.

Maganin da ta ba ni kuwa yana cikin jakar. Sau ɗaya na ba Zara, ranar Talata da magariba. Da safen nan na ciro shi na sake mayarwa, don na sha jin manya suna cewa in za ka ga babban likita kada ka sha komai, magani yana ɓoye ciwo, ya duba bai ga komai ba.

Tara daidai aka buɗe hanya. Na samu wuri a wata ƙaramar mota, mu huɗu a baya, dubu biyu da ɗari biyar. Direban dattijo ne mai jan goro a haƙora, ya ce daga nan zuwa Yerwa bai fi kilomita saba'in ba.

Na ce, "Baba, za mu isa kafin sha ɗaya?"

Ya ce, "'Yata, ni dai nawa taka mota ne. Agogon yana hannun masu kaki."

Ya kalli Zara ta madubi ya ce a sauke gilashin gefena kaɗan. A Mainok muka sauka duka muka wuce shinge da ƙafa, kowa da katin shaidarsa a hannu. A Jakana muka tsaya sa'a ɗaya da kwata muna jiran ayarin manyan motoci ya wuce. 'Yan talla suka kewaye mu da dafaffen ƙwai da gyaɗa. Wata mata da ke gefena ta saya mini ruwan leda biyu, ta jiƙa bakin mayafinta tana goga wa Zara a goshi. Ta ce, "Tana shan nono?" Na ce tun asuba ta kama sau ɗaya ta saki, numfashi ba ya barin ta. Matar ta juya tana kallon daji.

Kafin Auno tayar gaba ta yi faci. Direba ya canza ta cikin rana yana ta mita da yaren Barebari yana tsine wa wanda ya sayar masa da ita. A ƙofar shiga gari aka sauke kayan kowa aka duba. Wani soja ya zo kaina, ya ɗaga zanen da na rufe Zara da shi, ya dube ta, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Mama, wuce, wuce, kai yaro asibiti." Bai ko buɗe jakata ba. Amma ina zan wuce, motar tana bayan wasu ashirin? Agogon gaban motar yana nuna biyu da rabi muka shiga tasha.

Fezzan

Keke napep ya kai ni unguwar Fezzan, gidan Yakura, yayar mahaifiyata. Shekara biyu rabona da Yerwa. Itatuwan dogon yaro suna nan yadda na bar su, amma ban iya kallon komai ba, kunnena yana kan numfashin da ke bayana.

Yakura tana tsakar gida tana haɗa turaren wuta na sayarwa. Ta miƙe tana yi mini maraba, "Wushe, wushe! Mutanen ƙauye, yau an tuna da mu?" Da ta karɓi Zara sai dariyar ta ɗauke. Na ce mu tafi asibiti yanzu. Ta ce ai bayan azahar ba a yankar kati, wahalar banza za mu sha, mu bari sai da sassafe mu kama layin farko. Ni ban san akwai wata ƙofa ta gaggawa da ba a rufewa ba. Ita ma da hawan jininta take zuwa, ƙofar kati kawai ta sani.

Na nuna mata kwalbar maganin Malama Saratu. Ta juya ta a hannu ta ce, "Kin yi dabara da ba ki ci gaba da ba ta ba. Bari likitan gaske ya ga ciwon tsirara." Ta shafa wa Zara man zafi a ƙirji, ta dama mini kunun gyaɗa, ta zubo burabusko da miyar kuka. Loma uku na yi. Yadda muka kwana ba zan rubuta ba.

Alhamis: babban asibiti

Shida da minti goma muna bakin ƙofa, amma mun tarar da mutane sun jera duwatsu da takalma da robobin ruwa a ƙasa, kowane yana tsare wa mai shi layi. Yakura ta ajiye takalminta ɗaya, ta tsaya da ɗaya. Sai goma saura muka samu kati. Daga nan aka nuna mana wasu dogayen bencina, aka ce mu jira a kira suna.

Na zauna ina ƙirga numfashinta ba tare da na san adadin da ya kamata ba. Ta daina kuka tun safe, ni kuma a wautata na ɗauka sauƙi ne. Wajen sha biyu da rabi wata tsohuwa mai goge ƙasa ta zo ta ce mu ɗaga ƙafa. Ta sunkuya da tsummanta, idonta ya faɗa kan fuskar Zara. Ta yar da sandar gogewar.

"Ke! Tun yaushe leɓenta ya yi haka? Wannan ba ta layi ba ce! Taso, biyo ni!"

Ta ja ni da gudu ta wani lungu, Yakura tana bin mu tana haki. Muka shiga wani ɗaki mai gadaje, nas biyu suka karɓe ta daga hannuna, suka sa mata robar iska a hanci, suka nemi jijiya a hannu ba su samu ba sai a ƙafa.

Likitar mace ce, ba za ta girme ni da yawa ba, da tabarau, da farar riga a kan lafayarta. Ta jawo wani ɗan teburi mai taya. Na dubi abin da ke kai. Na'urar nan ce mai girman sabulu, da igiyarta, da wayarta mai faɗi. Irin ta Malama Saratu sak, har man mai sanyin.

Tana goga ta a bayan Zara tana tambaya ba ta dube ni ba. "Sunanta?"

"Zara Modu."

"Daga ina?"

"Bulamari, ta wajen Benisheikh."

Hannunta ya tsaya. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Ke ce Falmata? Ke ce wadda Saratu take ta nema tun jiya?"

Na gyaɗa kai. Ta taɓa fuskar wayar, ta jera hotuna biyu gefe da gefe, ta juyo mini da su.

"Maman Zara, zo ki gani. Wannan na hagu na Talata ne. Kafin magariba ya iso ni, a kujerar can na zauna na duba shi. Kin ga wannan ɗan wurin? Ciwon sanyi ne ya kama huhun dama, ruwa ya fara taruwa kaɗan. Nan take na rubuta mata ta fara allura safe da yamma, tana da ita a ajiye, in kuma kwana ɗaya ba sauƙi ta turo ku kai tsaye wajena, ba kati ba layi. Sabis ya yanke, sai jiya shida da rabi na safe amsar ta shiga wayarta. Wannan na dama kuma na yanzu ne."

Ko ni da ban san komai ba na ga bambancin. Baƙin da yake kamar tsinin yatsa ranar Talata, yanzu ya cinye rabin hoton. Shida da rabi na safen Laraba. A lokacin ina tsaye a kwarin nan ina kallon maza suna sauke buhunan wake, ko rabin hanyar kwalta ban kai ba. Da na juya da ƙafa, da na iske ta.

Ta ce, "Maganin da ta ba ki, sau nawa ta sha?"

Na ce sau ɗaya. Yakura ta sa baki ta ce, "Likita, ai mun bari ne don kada ya ɓoye miki ciwon."

Likitar ta cire tabarau ta murza idonta. Ta ce, "Hajiya, ciwon da na riga na gani tun Talata?" Yakura ta ja lafayarta ta rufe baki.

Aka ce ruwan ya zama mugunya, sai an huda gefen haƙarƙari an sa roba ta fitar da shi. Aka ba ni takarda na dangwala yatsa, don hannuna ba zai iya rubuta sunana ba a lokacin. Kafin su shiga da ita na riƙe gefen rigar likitar na ce, "Don Allah gaya mini gaskiya. Da na tsaya, da ba a kai ga wannan ba?"

Ta ce, "Allah ne ya sani. Wasu yaran ko an yi allurar ruwan yana taruwa. Ba zan ce miki tabbas ba. Abin da na sani, da ba ta yi kwana biyu ciwon yana ci ba mai tare shi ba."

Na so a ce ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Kwana tara a ɗakin yara

Robar ta fito daga gefen Zara ta sauka cikin wata kwalba a ƙasan gado. Ranar farko abin da ya taru a ciki kamar kunu ne mai ruwan ɗorawa. Na koyi kallon kwalbar nan kamar yadda manomi yake kallon sama. Kullum da safe nas tana zana layi a jikinta da biro, ni kuma ina gwada layin yau da na jiya da faɗin farce.

Baban Zara ya iso ranar Juma'a bayan masallaci, Yakura ce ta kira shi. Ya tsaya a bakin gadon ya daɗe, ya taɓa ƙafarta. Ya ce mini, "Kin ci abinci?" Shi ke nan abin da ya ce. Har yau bai tambaye ni me ya sa ban kira shi ba.

A rana ta uku na kunna wayata. Kira goma sha ɗaya. Na buɗe saƙon, na karanta a hankali harafi bayan harafi yadda aka koya mana a aji: "Falmata amsa ta zo. Ki tsaya inda kike ina zuwa da allura." Na karanta shi ya fi sau ashirin. Ban kira ta ba, kunyar ta ninka ta da.

Rana ta biyar Zara ta kama nono ta sha har ta yi barci a kai. Rana ta bakwai aka cire robar, aka bar ɗinki biyu. Tsohuwar nan mai goge ƙasa ta leƙo sau biyu, tana kiran Zara "kishiyar layi", wai ta tsallake mutum ɗari ba ta gaishe su ba. Yakura kullum tana zuwa da kwanon abinci, ta zauna a bakin gado ba ta da surutun da ta saba.

Ranar sallama likitar ta ce huhun bai gama buɗewa ba, zai ɗauki watanni, a kiyaye ta da hayaƙin murhu. Ta ce bayan kwana biyu a sake ɗaukar hoto. Na ce to za mu zauna a Fezzan mu dawo. Ta ce, "Ki dawo ina? Ki tafi gida. Saratu ta ɗauka, ni in gani a nan."

Asabar: komawa gida

Takwas da rabi muka tashi daga tasha, ni da Zara da babanta. Hanyar da ta ci mini yini a zuwa, sa'a biyu da kwata ta ɗauke mu. Ba faci, ba ayari. A bakin kwalta muka samu motar wake za ta koma ba kaya, ƙasa ta bushe, kafin azahar muna Bulamari.

Ya Kaltum ta karɓi jikarta ta ɗaga rigar ta ga ɗinkin, ta yi ta salati. Bayan mun sha ruwa ta ce, "Kin san matar nan ta bi ki?"

Na ce wace mata?

"Malama. Ta zo nan bakwai da kwata da allurar a cikin ɗan akwatin sanyi. Da na ce kin tafi, ta ari keken ɗan limam ta ɗaure akwatin a baya. A taɓon nan fa, mace mai ciwon gwiwa. Rabin hanya tura shi ta yi. Ta isa kwalta tara da kwata, aka ce mata motoci sun tashi yanzu. Ta bi waɗanda suka rage ɗaya bayan ɗaya tana leƙa tagogi. Sai bayan azahar ta dawo, zanenta duk laka, kwana uku tana ɗingishi."

Ranar Litinin na ɗauki Zara da kwalbar turaren da Yakura ta ba ni na nufi ɗakin shan magani. Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu da na ga Malama Saratu a bakin ƙofa. Na durƙusa na ce, "Malama..." Ta ce, "Tashi, Falmata, ƙasar da sanyi. Kawo ta in gani."

Amma Zara tana ganin farar rigar ta ƙanƙame wuyana ta fasa ihu, tana dafe gefen ɗinkin da hannunta. Ta yi ta kuka har tari ya sarƙe ta. Malama ta ja da baya. Sannan ta shiga ciki ta cire rigar ta rataye a ƙusa, ta fito ta ce in ara mata mayafina. Ta yafa, ta zauna a tabarma a gefena kamar maƙwabciya ta zo barka, ta ɓoye na'urar a ƙarƙashin mayafin, ta ɗumama man a tafin hannunta. Sai da muka yi kusan rabin sa'a muna hirar tsadar gero kafin Zara ta yarda hannun ya taɓa bayanta. Ko a lokacin ba ta yarda ta kalli fuskarta ba.

Na gode wa Allah da ya dawo mini da 'yata da ranta. Na gode wa likitar da ban tambayi sunanta ba, da tsohuwar da ta yar da sandarta, da matar Jakana, da Yakura da ta ciyar da mu kwana goma. Malama Saratu kuwa ban san kalmar da zan gode mata da ita ba. Yau sati uku ke nan, Zara tana tafiya tana ci, amma in ta yi gudu kaɗan sai ta tsuguna ta huta. In muka bi ta gaban ɗakin shan magani, Malama tana ɗaga mata hannu daga nesa, ita kuma tana ɓoye fuskarta a zanena.